Koyon Ingilishi a Maradi: aji, malami, waya, ko tsallaka iyaka?

Ɗan yayata ya same ni bayan la'asar, ya zauna bakin tabarma ya ce, "Kawu, na tara ƴan kuɗi, ina son in iya Ingilishi, amma abokaina sun raba mini hankali. Wannan ya ce in shiga kwas na yamma, wancan ya ce in wuce Kano, wani kuma ya ce waya kaɗai ta isa." Yaron nan shekara bakwai ya yi yana karanta Ingilishi a lakwal, tun daga ajin farko na kwaleji har ya ci bak. Yana iya cika takarda da rubutu. Amma ranar da wani baƙo daga Legas ya tsaya a shagon mahaifinsa yana tambayar farashin atamfa, baki ya mutu, sai da aka nemo maƙwabci ya yi tafinta.

Irinsa suna da yawa a garin nan, kuma buƙatar ƙaruwa take yi. Tun watan Maris na 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ana kan shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi ta Katsina da Jibiya. Alhazanmu kuwa sun daɗe suna saro kaya daga Dubai da Sin, inda Faransanci ba ya kai mutum nesa. Zan riƙa cewa Ingilishi a nan, domin a wurinmu idan ka ce Turanci wani Faransanci zai ɗauka.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi. Kada ka tsaya ga abin da ake biya a wata, ka raba shi da awowin da za a koya maka. A ce an yanka maka jika goma a wata, darasi uku a mako, kowane awa biyu. Awa 24 ke nan, kowace awa ta tashi kusan sefa 415. Da wannan lissafi kake iya gwada kwas da malami, ko malami da kuɗin forfe.

Na biyu ɗorewa: wata shida bayan ka daina, me zai rage a kanka? Na uku sauƙi, wato ko hanyar za ta shiga cikin rayuwarka yadda take, da ranar kasuwa, da zafin Afrilu da Mayu, da ɗaukewar wuta, da azumi. Na huɗu haɗari, kuma ba na kuɗi kaɗai ba: lafazin da ya zauna a karkace ya fi wuyar gyara bisa ga wanda ba a koya ba tukuna.

Akwai na biyar da na fi ba nauyi bisa ga sauran duka. Minti nawa bakinka zai motsa a kowane zama, kuma wa zai gyara maka idan ka kauce? Ɗan yayata ya yi shekara bakwai yana saurare yana kwafa daga allo. Idan aka tara mintocin da ya yi magana da bakinsa a cikin shekarun nan, da wuya su cika yini guda.

Kayan da kake nema kashi uku ne

Kalmomi su ne mafi araha ga wanda ya yi lakwal. Tun 1066 da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila, Faransanci ya kwarara cikin Ingilishi, shi ya sa *nation*, *important*, *possible*, *government* ba baƙi ba ne a idonka. Dubban kalmomi ke nan kyauta. Amma a cikinsu akwai tarko. *Actually* ba ta nufin "a halin yanzu", tana nufin "a gaskiya". *Library* ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littattafai ba. *Attend* halarta ce, ba jira ba. Mafi ciwo ga ɗan kasuwa ita ce *demand*: a Faransanci roƙo ne cikin ladabi, a Ingilishi nema ne da ƙarfi. Ka rubuta wa mai kaya *I demand* kana zaton ka yi ladabi, shi kuwa ya ga ka ɗaga masa murya. Ta ɓangaren Hausa ma muna da jari: mota, tebur, burki, direba, asibiti, duk daga Ingilishi suka zo. Kuma ba a bukatar haddace ƙamus. Kalmomi dubu biyu zuwa uku da aka fi maimaitawa su ke ɗauke da yawancin hirar yau da kullum, har masu ƙamusun Oxford suka ware jerin kalmomi 3000 domin masu koyo.

Salon magana ya fi wuya, kuma mutane suna neman sa a inda ba ya nan. Sai ka ga yaro ya haddace *raining cats and dogs*, abin da zai shekara bai ji wani ya faɗa ba, alhali ƙananan kalmomin aiki ne ke kayar da shi: *give up*, *put off*, *run out of*, *look after*. Ka tuna yadda "ci" take a Hausa. Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin jarrabawa, ana ci gaba. Baƙon da ya san "ci" ta tuwo kaɗai bai san komai ba tukuna. Haka *get*, *put* da *take* suke a Ingilishi. Ba a koyon su ɗaya-ɗaya, sai a cikin jimla, daga bakin mai amfani da su.

Lafazi kuwa shi ne inda zaɓin hanya ya fi tasiri. Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa. Ingilishi haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, wasula kaɗai kusan ashirin a lafazin Ingila. Dubi *though*, *through*, *tough*, *thought*: rubutu kusan ɗaya, furuci huɗu. Mu Maraɗawa da muke cewa "tahiya" da "hwara", *p* da *f* suna cakuɗe mana, *pan* ta koma *fan*. Wanda ya yi Faransanci ya tsira daga wannan, ya kuma sami *v*, sai dai ya ɗauko wata cutar: yana yar da *h*, *heat* ta zama *eat*, yana kuma danna ƙarshen kowace kalma. Ingilishi kuwa yana da gaɓar da ake dannawa, idan ka sauya ta ba a gane ka ko da kowane harafi ya fita daidai. A *photograph* gaɓar farko ake dannawa, a *photography* ta biyu. Sai *th* da babu ita a Hausa, babu a Faransanci. Sai baƙaƙe masu haɗuwa da harshenmu ke son raba su da wasali, yadda *bread* ta zama burodi. Muna da abu guda da ke taimakonmu: kunnen da ya saba raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo ba zai sha wuya wajen raba *ship* da *sheep* ba, in dai an nuna masa.

Aji na yamma

Wannan shi ne abin da yawancin mutane ke fara tunani: cibiya mai zaman kanta, ko wani mushe na lise da ya ari aji yana koyarwa bayan an tashi. Kuɗinsa matsakaici ne, ana biya wata-wata, wani wurin da kuɗin rajista da na takardu. Ka ƙara kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa sau uku a mako, domin mutane suna mantawa da shi, ga wanda ke nesa kuwa yana iya kusantar kuɗin kwas ɗin kansa.

Babban amfaninsa tsari ne. Akwai rana, akwai lokaci, akwai wanda zai tambaye ka me ya hana ka zuwa jiya. Ana tafiya daga sauƙi zuwa wuya, nahawu yana zama da gindinsa, kuma abin da aka koya da alli da maimaici yana daɗewa. A ƙarshe ana ba da takardar shaida, wadda ke da amfani a cikin takardun neman aiki, ko da yake ba ta maye gurbin TOEFL ko IELTS, jarrabawoyin Ingilishi da jami'o'in waje ke nema.

Rauninsa lissafi ne kawai. Mutum talatin a aji, darasi awa biyu, malami ya cinye rabi yana bayani. Saura minti sittin, kowa ya sami minti biyu. Kuma lafazin da za ka ɗauka na malamin ne, da kyansa da muninsa. Akwai malamai a garin nan da suka yi karatu a Najeriya ko Ghana, bakinsu ya faɗa. Akwai kuma waɗanda suka san nahawu kamar yunwar cikinsu amma rabin darasin da Faransanci suke yin sa.

Haɗarin da na fi gani shi ne alƙawarin "Ingilishi cikin wata uku". Masu jarrabawar Cambridge sun ƙiyasta cewa mai farawa daga tushe yana bukatar awa 350 zuwa 400 na koyarwa kafin ya kai matakin B1, wato inda zai iya tafiyar da hira ta yau da kullum, da awa 500 zuwa 600 kafin B2, matakin da ke gaba da shi. Wata uku a kan awa shida a mako awa 72 ne. Na taɓa biyan wata uku a dunƙule a wata cibiya, a wata na biyu ɗalibai suka ragu, malamin ya sami wani aiki, aka rufe, kuɗin bai dawo ba. Tun daga nan shawarata ita ce ka roƙi a bar ka ka zauna darasi ɗaya kafin ka biya, ka ƙirga kawunan da ke ajin, ka duba sau nawa ɗalibi ya buɗe baki, sannan ka biya wata ɗaya-ɗaya.

Malami naka kai kaɗai

A kowace awa shi ne mafi tsada, amma a kowane minti na magana shi ne mafi araha. Awa guda da malami tana iya ba ka minti talatin bakinka na aiki, abin da aji mai mutum talatin zai ɗauki mako biyar kafin ya ba ka. Duk kuskuren lafazi ana kama shi tun yana ɗanye. Kuma kai ke zaɓar kayan: ɗan kasuwa ya ce a koya masa ciniki, lissafin kwantena, rubuta saƙon WhatsApp ga mai kaya, ma'aikaciyar jinya ta ce a koya mata sunayen magani da yadda ake tambayar maras lafiya. Ga matar aure da fitar dare ba ta yi mata, malama mai zuwa gida ita ce hanyar da ta fi dacewa.

Wa za ka ɗauka? Malaman kwaleji da lise suna yi, ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da suka ƙware suna yi. Akwai kuma wata dama da ba kowane gari a Nijar ke da ita ba: jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a nan a 2013 da Ingilishi take koyarwa, ta kuma jawo ɗalibai da yawa daga Najeriya. Cikinsu akwai masu son ƙarin kuɗin kashewa, akwai ma masu neman wanda zai koya musu Faransanci, sai a yi musaya ba ko dala. Sai dai iya harshe daban, iya koyar da shi daban. Ɗalibi zai ce maka "ba haka ake faɗa ba", ka tambaye shi dalili ya rasa. Irin wannan ya fi amfani ga wanda ya riga ya san nahawu, baki kawai yake son ya sake.

Haɗarinsa zumunci ne. Mako uku sai ku saba, a kawo shayi, hira ta koma Hausa, awa ta wuce. Idan ba ku kafa doka tun ranar farko ba, cewa daga sallama zuwa sallama Ingilishi ne, kuɗinka kake sha a kofin shayi. Ɗorewarsa kuma tana rataye da mutum ɗaya: ya yi tafiya, ya yi jarrabawa, an yi masa canjin wurin aiki, karatu ya tsaya. Idan kuɗin ya yi nauyi, ku haɗu ku uku ku raba, har yanzu kun fi aji nesa ba kusa ba.

Waya

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da kowa ke da ita a aljihu, ita ce kuma aka fi yin wasa da ita.

Kuɗinta forfe ne da caji. Abin da ke ciki kuwa, shekara ashirin baya ko mai kuɗi bai isa ya same shi a Maradi ba. Ƙamusun Oxford na masu koyo da na Cambridge suna intanet kyauta, kowace kalma da muryar Ingila da ta Amurka, ka danna ka ji sau ɗari ba mai gajiya da kai. Sashen koyar da Ingilishi na BBC yana da shiri mai minti shida da ake hira a kan batu ɗaya, da wani gajere da ke ɗaukar salon magana guda a warware shi, duka da rubutun abin da aka faɗa. Muryar Amurka a 1959 ta fara fitar da labarai cikin sauƙaƙƙen Ingilishi, kalmomi kusan 1,500, ana karantawa a hankali, wanda ya dace da mai farawa. Duolingo, manhajar koyon harsuna, yana da darasin Ingilishi ga masu jin Faransanci. AnkiDroid kyauta ne a wayoyin Android, aikinsa ya dawo maka da kalma daidai lokacin da kake dab da mantawa da ita: yau, bayan kwana kaɗan, bayan mako, bayan wata. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani tun binciken da wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya fitar a 1885, cewa yawancin mantuwa a kwanakin farko take faruwa. Almajiran allo sun riga kowa sanin haka, shi ya sa ake tilawa.

Wajen kalmomi babu hanyar da ta kama ƙafar waya. Wajen jin lafazi na asali ma haka. Inda ta gaza shi ne ba ta jin ka yadda mutum zai ji ka. Kana iya kwana ɗari kana danna amsoshi a Duolingo, maki yana hawa, ba ka taɓa haɗa jimla taka ta kanka ba. Maganin da na gani yana aiki shi ne kwaikwayo da murya: ka ɗauki jimla ɗaya daga shirin, ka tsayar, ka faɗa da ƙarfi, ka naɗi muryarka, ka saurari biyun a jere. Da farko ba daɗi, amma a nan za ka ji da kunnenka cewa *three* ɗinka *tree* ce. Minti goma sha biyar na wannan kullum bayan asuba sun fi awa uku na kallon bidiyo ranar Lahadi.

Sauƙinta a fili yake: a shago lokacin da ciniki ya lafa, a tasha, a gado. Ka sauke shirye-shiryen sauti lokacin da forfe ke da araha ko inda ka sami intanet na kyauta, ka ajiye a katin waya, domin sauti ba ya cin data kamar bidiyo, ba ya kuma cinye batir idan wuta ta yi nisa.

Haɗarinta biyu ne. Na ɗaya, ba mai tsare ka. Wayar da ke ɗauke da darasi ita ke ɗauke da TikTok da Facebook, kuma mun san wanda ke cin nasara da dare. Mafi yawan masu farawa da zafi ba sa kai wata. Na biyu, dogaro da Google Translate. Yana da Hausa, yana da amfani wajen gane saƙon da aka aiko maka, amma salon magana yana yawan fassara shi kalma-kalma, kuma abin da na'ura ta rubuta maka ba ya zama a kanka. Ka kiyayi masu sayar da "sirrin Ingilishi" a rukunonin WhatsApp, yawanci abin da ke kyauta ne suka tattara.

Littafi da ƙamus na takarda suna nan a gefe, ba sa son caji, ba sa lalacewa da wuri, suna da kyau wajen nahawu. Amma littafi ba shi da murya. Wanda ya koyi *island* ko *Wednesday* daga takarda kaɗai zai furta harafin da masu harshen ba sa furtawa.

Tsallaka iyaka

Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, ta Ɗan Isa da Jibiya. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024, abin da ya sa zama a Najeriya ya yi wa mai sefa sauƙi bisa ga da. Ga dangi, ga abokan ciniki, masauki ba ya wuya. Shi ya sa shawarar "wuce Kano" ke da daɗin ji.

Amma ka tsaya ka yi tunani. A Kano da wane harshe za ka sayi koko da ƙosai? Da wane za ka yi ciniki a Kantin Kwari, ka hau adaidaita, ka gaisa a masallaci? Na san waɗanda suka shekara a can suka dawo da Hausar Kano tsaf, Ingilishi kuwa yana inda suka bar shi. Ko Akara ta Ghana, inda ƴan ƙasashen renon Faransa ke zuwa makarantun koyon Ingilishi, idan ka sauka a Nima ko wani zango, Hausa za ta tarbe ka tun daga bakin ƙofa. Tafiya tana aiki ne idan ka shiga makaranta ta kullum, ko ka kama aiki a inda ba mai jin Hausa, ka kuma zauna ɗaki ɗaya da wanda dole sai da Ingilishi za ku fahimci juna. Idan hakan ta samu, wata huɗu suna yin abin da shekara biyu na kwas ba su yi ba, kuma abin da ka koya cikin bukata, kana neman hanya ko kana rikici da mai gida, ba ya fita.

Sai ka san irin Ingilishin da za ka ɗauko. Na Najeriya harshe ne mai rai da ƙa'idojinsa, kuma ya yi kama da tunaninmu. Ana cewa *I'm coming* mutum yana fita, daidai da "ina zuwa". Ana cewa *well done* ga mai aiki, wato "sannu da aiki". Cunkoson motoci *go-slow* ne. Ga mai ciniki da Legas ko Onica wannan shi ne ainihin abin da yake bukata, har da buroka. Ga mai shirin IELTS kuwa dole ya san inda na Najeriya ya rabu da na jarrabawa, kada ya zuba buroka a takarda.

Kuɗin tafiya ya fi na kowace hanya: mota, haya, abinci, makaranta, da abin da ka bari na samu a gida. Ghana ta fi tsada da nisa. Haɗarin kuma na gaske ne. Yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga, tafiyar dare ba ta taso ba. An rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, waɗanda abin ya rutsa da su sun san wuyar da aka sha. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, don haka ka tabbatar takardunka sun cika kafin ka kama hanya.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Inda ta fi ƙarfi |
|---|---|---|---|---|---|
| Aji na yamma | Matsakaici, wata-wata | Mai kyau ga nahawu | Sai ka je a kan lokaci | Cunkoso, rufewa, alƙawarin ƙarya | Tushe da tsari |
| Malami naka | Mai tsada a awa | Tana rataye da mutum ɗaya | Kai ke sa lokaci | Hira ta koma Hausa | Gyaran lafazi, kalmomin sana'a |
| Waya | Forfe da caji | Sai da naci kullum | Ko'ina, kowane lokaci | Shagala, rashin mai gyara | Kalmomi, saurare |
| Zama a waje | Mafi tsada | Mafi daɗewa in an yi daidai | Sai ka bar gida da sana'a | Hanya, iyaka, zama cikin Hausawa | Salon magana, sakin baki |

Akwai abu guda da ban sa a jadawalin ba domin ba ya tsayawa shi kaɗai: fada. Kowace unguwa, daga Bagalam zuwa Ali Ɗan Tsoho, samari suna zama shan shayi har dare. Mutum huɗu ko biyar masu niyya ɗaya su ware dare biyu a mako, daga shayin farko zuwa na uku ba Hausa ba Faransanci, a saurari shiri ɗaya tare sannan a yi gardama a kansa. Kuɗinsa sukari da ganye. Sharaɗinsa a sami mutum ɗaya da ya fi saura, in ba haka ba kurakuranku za ku riƙa raba wa juna.

Wa ya dace da wace

Idan ba ka taɓa yin Ingilishi ba, ko ka bar lakwal da wuri, fara da aji. Waya za ta rikita ka da yawan kaya, malami na kai kuma asarar kuɗi ne a kan abin da aji zai ba ka da araha. Ka nemi aji maras cunkoso, ka ƙara da minti goma sha biyar na saurare kullum.

Idan ɗan kasuwa ne kai, lokacinka ya fi kuɗinka tsada, kuma kalmomin da kake bukata ba su da yawa. Malami sau biyu a mako, a shago ko a gida, a kan lambobi, farashi, jigila, da saƙonnin da ka riga ka karɓa daga masu kaya. Idan cinikinka da kudancin Najeriya ne, ɗauki malami ɗan can.

Idan kina gida da yara, ko aiki bai bar miki yamma ba, waya ce ginshiƙi, da malama ko da sau ɗaya a mako domin ta ji bakinki ta gyara. Ku haɗu da maƙwabta biyu ku raba kuɗin.

Idan karatu a waje kake nema, kana bukatar malamin da ya san tsarin jarrabawar da kansa, da tsofaffin tambayoyi, da agogo a gabanka. Sakamakon TOEFL da IELTS shekara biyu yake aiki, kada ka yi ta tun ba ka shirya neman gurbi ba.

Idan za ka yi aiki ko karatu a Najeriya ko Ghana, tafiyar ta zama dole, amma ka yi wata shida a nan tukuna kana tara kalmomi, domin wanda ya je da hannu wofi wurin ƴan'uwansa Hausawa yake fakewa.

Ɗan yayata kuwa nahawu yana da shi, kalmomi suna kwance a kansa tun lakwal, baki ne kawai a ɗaure. Na hana shi kwas, na hana shi Kano. Ya sami wani ɗalibi ɗan Jos suna zama sau uku a mako, awa ɗaya Ingilishi, awa ɗaya Faransanci, ba mai biyan wani. Kuɗin da ya tara ya sa kaɗan a forfe, saura ya ajiye domin kuɗin jarrabawa baɗi. Na kuma ce wa mahaifinsa, duk baƙon da ya shigo shago da Ingilishi, kada a sake kiran maƙwabci, a tura masa yaron.